Yadda Ake Gane Katakon Allon Tsohuwar Jita: Darasi Daga 'Yan Katakon Muda Lawal

Tsofaffin jitoci na katako, waɗanda ba a haɗa su da lantarki, suna nan a Bauchi fiye da yadda ake zato. Wasu suna jingine a ɗakunan ajiya na majami'u, wasu sun shigo cikin kayan gwanjo daga Turai, wasu kuma gado ne daga iyayen da suka yi zamani da kiɗan su Bala Miller. Duk lokacin da irin wannan jita ta fito ciniki, magana kan karkata wuri ɗaya. Mai sayarwa zai shafa fuskar wuyanta, wato dogon allon nan da aka gitta wa 'yan ƙarafa, inda yatsu ke danne tsirkiya, ya ce eboni ne, ko ya ce roswud ne na Barazil, sannan ya ɗora kuɗi a kan sunan. Mai saye ya dubi allon, ya ga baƙi wuluk ko ja mai duhu, ya gamsu. To a nan asarar take farawa, domin a cikin duk shaidun da katako ke bayarwa game da kansa, launi ne mafi rauni. Rini na sauya shi, mai na sauya shi, gumin hannu da hayaƙi da shekaru duk suna sauya shi. Abin da ba ya sauyawa shi ne ƙirar jikin itacen, kuma hanyar karanta wannan ƙira tana hannun mutanen da ke sashen 'yan katako na Kasuwar Muda Lawal, ko da yawancinsu ba su taɓa riƙe jita ba.

Tsohon ɗan katako ba ya yanke hukunci da kallon fuskar falanki, domin ya san rana da ƙura sun riga sun mayar da fuskokin duka kusan iri ɗaya. Yakan duba bakin da zarto ya yanka, ya ɗaga ya ji nauyi, ya kankare gefe ya sansana, ya danna farce. Da haka yake raba malaina da maɗaci, ya raba kawo da doka, ko da an jibge su wuri guda. Mai sayen rago ma ba ya tsayawa kan kyan gashi, baki yake buɗewa ya duba haƙora. Mai son gane allon jita zai bi wannan tsari ne, da bambanci ɗaya mai muhimmanci: ɗan katako yana da damar yanka da kankara, shi kuwa ba shi da ita. Allon jita kaurinsa bai wuce kimanin milimita 6 ba, manne yake da wuya, kuma duk tabon da aka yi masa ya zauna ke nan. Saboda haka sai ya nemi wuraren da allon ya riga ya buɗe kansa.

Kafin a taɓa jita, a fara horar da ido a kasuwa. A je wurin masu injin yanka da kafintocin da ke kewaye, a yi sallama, a ce: “Maigida, a taimaka mini da guntayen da suka faɗi, ina son koyon katako ne.” A nemi guntun madobiya, da na maɗaci, da na kawo, da na malaina, in an dace kuma da zuciyar tsohuwar kanya, wadda an fi samunta a hannun masassaƙa. A goge fuska ɗaya da baki ɗaya na kowane guntu da samfefa mai laushi, a rubuta sunansa a baya. Waɗannan guntaye ba zaɓin banza ba ne. Kanya, wadda masana ke kira Diospyros mespiliformis, 'yar gida ɗaya ce da ebonin da ake fitarwa daga Kamaru da Gabon, Diospyros crassiflora. Madobiya kuwa, Pterocarpus erinaceus, dangin roswud ce ta kusa, duk daga zuriyar itatuwa masu kwanso suke, kuma da sunan roswud ɗin Afirka ake cinikinta a waje. Maɗaci ɗan'uwan mahogani ne da ake yin wuya da bayan jita da shi. Wanda ya ajiye guntun kanya kusa da na madobiya a ƙarƙashin haske ya riga ya ga bambancin da ke tsakanin manyan itatuwa biyu da aka fi yin allon jita da su tun ƙarni na 19.

Bambancin yana cikin ƙofofi. Kowane itace mai faɗin ganye yana da 'yan bututu da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Idan aka yanka shi a gicciye, bututun kan bayyana kamar ɗige-ɗige, idan kuma aka tsaga shi a tsaye, su bayyana kamar gajerun tsagogi da ke bin tsawon katakon. A roswud da madobiya waɗannan ƙofofi manya ne, ido na ganinsu ba tare da taimako ba, farce ma yana jin su idan aka ja shi a hankali a gicciye. A eboni da kanya ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa fuskarsu ke da sulɓi da sheƙi ko ba a shafa komai ba. Rini yana iya mayar da roswud baƙi ƙirin, amma ba ya iya toshe ƙofofinsa gaba ɗaya, kuma ba ya iya buɗe wa eboni ƙofofin da bai zo da su ba. Wani abin da ke taimakon mai dubawa shi ne, allon eboni da na roswud a al'ada ba a rufe su da fenti mai sheƙi kamar sauran jikin jita, tsirara ake barinsu. Wannan ne ya sa allo ya fi kowane sashe na jita sauƙin karantawa.

Ga yadda ake dubawar. A sassauta tsirkiyoyi a ja su gefe, a goge allon da tsumma mai ɗan danshi sannan a bushe shi nan take, domin dattin shekaru kan cike ƙofofi har roswud ya yi kama da eboni. A fita haske, amma a inuwa, a haska tocila daga gefe yadda hasken zai kwanta a kan allon maimakon ya faɗo daga sama. Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya ya isa, kyamarar waya ma tana yi. Wuri mafi kyau na fara dubawa shi ne can ƙasa, tsakanin ƙarafan da ke kusa da ramin jita, inda yatsu ba su cika zuwa ba, domin a nan katakon ya fi kusa da yadda ya fito daga masana'anta. Idan aka ga gajerun tsagogi masu duhu birjik, to ana cikin dangin roswud ko wani mai kama da shi. Idan fuskar ta yi sumul, to abu uku ne: ko eboni na gaskiya, ko farin itace mai ƙananan ƙofofi da aka rina, ko kuma abin da ba itace ba ne sam.

Raba waɗannan ukun shi ne inda aka fi cutar mutane, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Kamfanonin da suka yi jitoci masu araha a Amurka, irin su Harmony da Kay na birnin Shikago, sun daɗe suna amfani da fararen itatuwan ƙasashen sanyi kamar mapul, su rina su baƙi ko ruwan ƙasa, har wani lokaci su zana musu layuka don su yi kama da roswud. Masu araha na Turai ma sun yi haka. Mapul ƙofofinsa ƙanana ne, don haka gwajin ƙofa shi kaɗai ba ya tona shi. Abin da ke tona shi shi ne zaizaya. A dubi tsakanin ƙarafa uku na farko, can sama kusa da kan jita, inda farcen mai kiɗa ya yi shekaru yana ci. Idan kwarmin da farce ya yi ya nuna fari ko ruwan toka a tsakiyarsa alhali gefensa baƙi ne, rini ne ya ƙare, ainihin itacen ya leƙo. A eboni na gaskiya kwarmin ba ya zurfi sosai, kuma cikinsa da wajensa launi ɗaya ne, sai dai ma ya fi sheƙi. Dalilin yana cikin nauyi: eboni yana kusan kilo 1,000 a kowace kubik mita, roswud kimanin 830, mapul kuwa kimanin 700, kuma itace mai nauyi ya fi jure cin farce. Sai a leƙa ƙarshen allon da ke kallon ramin jita, inda bakin yanka yake, da kuma gefunan ƙarafa inda katako ya ɗan ɓalle. Duk wurin da ya ɓalle yana nuna cikin itacen. Na ukun, wanda ba itace ba, ana gane shi da rashin aibi. Richlite, alal misali, takarda ce da aka matse da ƙaro, kuma Martin da Gibson duk sun yi amfani da ita a wasu jitocinsu na wannan ƙarni. Ba ta da ƙofa ko ɗaya, ba ta da zanen jijiya, ba ta tsagewa. Idan aka ce jita ta shekarun 1960 ce amma allonta haka yake, to ko an sauya allon, ko shekarun da aka faɗa ba su ne ba.

Akwai gwajin da mutane ke so saboda sauƙinsa: a jiƙa auduga da sifirit a goga, in ta ɗauko baƙi a ce jabu ne. Wannan gwaji yana ɓatar da mutane ta fuska biyu. Ebonin gaskiya ma an sha rina shi, domin ba kowace bishiya ke da zuciya baƙa tsantsa ba, yawanci akwai ratsin ruwan ƙasa ko toka, masana'antu kuma sukan rufe ratsin don kasuwa ta saba da baƙi. Lokacin da kamfanin Taylor da abokin hulɗarsa Madinter suka sayi injin yankan eboni na Crelicam a Yawunde a 2011, shugaban kamfanin, Bob Taylor, ya bayyana cewa masu sara kan kayar da kimanin bishiya 10 kafin su sami ɗaya mai baƙi tsantsa, su bar sauran a daji, daga nan ne ya fara sa eboni mai ratsi a jitocinsa. Roswud kuma yana da launinsa na halitta da sifirit ke narkarwa, don haka auduga za ta yi ja ko da ba a taɓa rina shi ba. Ga kuma haɗari: ɗigon sifirit ɗaya a kan fentin tsohuwar jita yana iya narka shi. Gwajin da ba ya rarrabewa kuma yana iya ɓarna, barinsa ya fi.

Idan an tabbatar ana cikin dangin roswud, sai tambayar da kuɗi ke rataye a kanta: na Barazil ne, Dalbergia nigra, ko na Indiya, Dalbergia latifolia? Na Barazil yakan karkata ga ruwan ƙasa mai ja ko ruwan goro, da siraran baƙaƙen layuka da ke karkacewa su haɗu su rabu. Na Indiya yakan karkata ga shunayya mai duhu, layukansa miƙaƙƙu, kuma a bakin yanka ƙofofinsa sun fi yawa da cunkoso. Ƙanshi ma shaida ne: na Barazil yana da ƙanshi mai daɗi irin na fure wanda ke daɗewa a cikinsa shekaru da yawa, amma ba ya fitowa sai an taɓa sabon wuri, don haka lokacin jin sa shi ne ranar da mai gyara ke cire tsofaffin ƙarafa yana share tsagoginsu. A wannan ranar ma ana iya tara ɗan garin katakon a zuba a ruwa, a haska da fitilar nan ta gwajin takardun kuɗi a cikin duhu. Ruwan yawancin roswud da na dangin madobiya yana ƙyalli, na Barazil kuwa ba ya yi. Duk da haka, a nan ne ya kamata mutum ya riƙe bakinsa. Launi da zane na waɗannan biyun suna shiga juna, musamman a ɗan siririn allo da ya sha hannu shekara 50. Hukumomin da ke kama fasa-ƙwaurin katako ma sukan kai samfur ɗakin gwaji, kamar na hukumar namun daji ta Amurka da ke Ashland a jihar Oregon, inda ake auna sinadaran itacen da na'ura. Ido da gilashi suna iya cewa da tabbaci wannan eboni ne, wannan dangin roswud ne, wannan rinannen farin itace ne. Cewa na Barazil ne kuwa sai shaidu da yawa sun haɗu.

A nan tarihin masana'anta ke shigowa, kuma a nan ne wani zai ce: to me ya kawo duk wannan wahala, tun da akwai suna da lamba a jikin jita? Gaskiya lamba tana da amfani. Kamfanin Martin, wanda aka kafa a 1833, yana sa wa jitocinsa lambar jeri tun 1898, ana ganinta idan aka leƙa cikin rami ta wajen gindin wuya, kuma an san ya bar roswud ɗin Barazil ya koma na Indiya a wajen 1969. An san D-28 ta Martin da allon eboni take zuwa, J-45 ta Gibson da ta fito a 1942 kuma da allon roswud. Jitocin Yamaha na jerin FG da aka fara yi a Japan a 1966, waɗanda sun fi su Martin yawa nesa ba kusa ba a kasuwannin gwanjo, galibi allon roswud gare su. Amma lamba tana faɗin abin da ya kamata a gani ne kawai. Allo sashe ne da ke cinyewa kuma ana sauya shi, takardar da ke cikin rami ana iya liƙa ta, sunan da ke kan jita ana iya kwaikwayonsa, kuma jitocin jabu masu ɗauke da manyan sunaye sun cika duniya. Hanyar da ta dace ita ce a karanta katakon tukuna, sannan a duba ko ya dace da abin da lamba ta faɗa. Jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke hawa a kan cikin jita, yawanci itace ɗaya ake yin sa da allo, don haka idan suka saɓa wa juna akwai alamar an sauya ɗaya. Busasshen gam da ya tsattsafo a gefen allo, ko layin haɗi da bai daidaita da wuya ba, su ma alamun gyara ne.

Wani kuma zai ce allo ba ya sauya sauti, to ina ruwan makaɗi da sunansa? Akwai gaskiya a rabin maganar. Muryar jita daga fuskar cikinta da sandunan da ke ƙarƙashinta take fitowa, kuma ƙwararren makaɗi zai fitar da daɗi daga rinannen allo kamar yadda Ɗan Maraya Jos ya fitar da shi daga kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Amma a Bauchi sanin itacen yana da dalilin da ya fi sauti gaggawa, wato hunturu. Ana ƙera jita a iska mai laima kimanin kashi 45 zuwa 50 cikin 100, a nan kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu laimar kan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako yana tsukewa a faɗinsa, ƙarfe kuma ba ya tsukewa, shi ya sa bakin ƙarafa ke fitowa a gefen wuya yana yankar hannu. Eboni ya fi roswud tsukewa da saurin tsagewa, tsagar kan zo siririya tana bin tsawon allo, roswud kuwa maiƙon da ke jikinsa yana rage masa wannan. Mai allon eboni dole ya ajiye jitarsa a cikin akwatinta duk tsawon rani, da ɗan soso mai danshi a cikin kwanon sabulu mai huji, nesa da taga da cikin mota. Shafa wa allo mai kuma sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, ɗigo kaɗan na farin man ma'adinai a goge nan da nan. Man gyaɗa da manja suna yin ɗoyi su kama datti, man takalmi kuma shi ne babban abin da ke ɓata shaida ga mai dubawa na gaba. Mai gyara ma yana bukatar sani kafin ya sa hannu, domin eboni yana ɓallewa a gefen tsagi lokacin cire ƙarfe, rinannen allo kuma samfefa ɗaya ke mayar da shi dabbare-dabbare.

Sai doka. Tun 1992 roswud ɗin Barazil yake cikin jeri na ɗaya na yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ɓacewa tsakanin ƙasashe, don haka fita da jita mai ɗauke da shi zuwa wata ƙasa yana bukatar takardar da ke nuna an sare itacen kafin lokacin. A Janairun 2017 aka sa sauran dangin Dalbergia a jeri na biyu, abin da ya sa masana'antu da yawa suka koma wasu itatuwa masu kama da shi, kafin a sassauta wa kayan kiɗa a ƙarshen 2019, ban da na Barazil. Kamfanin Gibson kansa ya biya tarar dala 300,000 a 2012 kan katakon allo da ya shigo da shi Amurka. Makaɗin da ke shirin tafiya da tsohuwar jita, ko ɗan kasuwar da ke son sayar da ita waje, gara ya san abin da ke hannunsa tun yana gida.

Wannan dokar ta iso har layin 'yan katako. Madobiya, wadda masu sara a Taraba ke kira madrid, an yi mata sara na fitar hankali a shekarun 2010 saboda kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin, har aka sa ta a jeri na biyu a 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. A taron CITES na Panama na 2022 kawo da maɗaci ma suka shiga jerin. Itatuwan nan suna tsaye a Yankari da sauran dazukan jihar Bauchi, kuma ba sa girma da sauri. Ga wanda allon jitarsa ya mutu, madobiya tana da nauyi da ƙarfin da za ta maye gurbin roswud, tana riƙe ƙarfe, tana kuma ɗaukar sulɓi. Amma allo ɗaya bai kai tsawon rabin mita ba, babu dalilin da zai sa a sayi sabon sara dominsa. Ƙafar tsohon gado ko gefen tsohuwar ƙofa ta madobiya da ta yi shekaru tana shan hunturun Bauchi ta fi kowane ɗanyen falanki, domin ta gama tsukewar da za ta yi. A zaɓi wurin da zanensa ya miƙe ba ƙulli, a tsaga shi da ɗan rara, a ajiye shi a ɗakin da jitar ke zama na wasu makonni kafin a manna. Sannan mai gyara ya rubuta sunan itacen da shekarar da aka sauya a 'yar takarda, ya ajiye a cikin akwatin jitar, domin wanda zai saye ta nan gaba kada a sayar masa da madobiya a kan kuɗin roswud ɗin Barazil.